Layin da Maigandi Ya Tsallake

Badariya, Birnin Kebbi
26 ga Yuli, 1982

Zuwa ga taubashina Malam Maigandi, babban akawu,

Gaisuwa irin ta zumunta, da barka da salla, ko da yake tuwon sallar ya daɗe da hucewa. Ina fata kai da uwargida Adama da yara kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai mai ɗakina Hauwa'u da ke fama da ciwon haƙori, ta hana kowa sakat. Inna Nana tana nan, bakinta ya fi ƙafarta lafiya.

Na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da kai. To, ka faɗa. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, ba ka da yadda za ka yi da ni.

An ɗora min aikin bin ƙananan hukumomin yankin nan ina tattaro bayanansu, saboda ofishinmu na Ikko, babban birnin ƙasa, zai sake buga kundin ƙananan hukumomin ƙasa. Littafi ne da ke ɗauke da sunan kowace hukuma, da inda take, da masu riƙe da sassanta. Aiki ne mai sa furfura. Kullum sai ka ji an yanka sabuwar hukuma, kafin ka gano inda ofishinta yake an canza ciyaman. Wata hukuma ta aiko min sunan direban ciyaman a gurbin ma'aji. Wata ta ba ni lambar tarho, na kira, mai sayar da fetur ya ɗauka. Babur ɗina kuma yana wurin bakanike, sai dai in bi mutane da takarda.

Da na ji kai ne akawun sabuwar hukumar nan da aka ba aron gida a Argungu kafin a gina mata nata, sai na ce alhamdu lillahi, ga wuri ɗaya da zan huta. Fom ɗinka ya iso tsaf, bugun tafireta ba kuskure, hatimi a inda ya dace. Sai na zo layin shugaban sashen gona na tarar da shi fari fat.

Ka san abin da Ikko ke yi da layin da aka bari? Tsohon sunan da ke kundin bara suke mayarwa. Tsohon sunan kuwa na Malam Kalilu ne, wanda na ji ya rasu da rani, Allah ya jiƙansa. Kuma daga wannan kundin za a zaɓi shugabannin gona da za a tura kwas na shekara guda a Zariya. In ba a gyara ba, mamaci za a gayyata, mai rai ya zauna. Ni doka ta hana ni ƙara ko ɗigo a fom, sai akawun hukuma ko mai buga masa tafireta.

Ga shi na maido maka. Ka cike, ka aiko. Ana rufe karɓa kafin babbar salla.

Naka, ubangidanka,
Abdussamadu

*

Argungu
4 ga Agusta, 1982

Zuwa ga bawana Abdussamadu,

Na amsa gaisuwa, Adama ma ta amsa. Haƙorin Hauwa'u a sa masa kanumfari. Ka gaida Inna Nana da kyau, ka ce mata ina nan tafe in ruwa ya ɗauke. Mu nan lafiya, sai dai gulbi ya fara cika, masu shinkafar fadama idonsu na kansa.

Wai ubangidana. Yaron da na goya a wuya ranar bikin Laure ya yi min fitsari a riga, yau shi ne ke koya min cika fom.

Ba mantuwa na yi ba. Na fara buga tafireta tun kana cin ƙasa, ban taɓa tsallake layi da kuskure ba. Sashen gona yana da shugaba, an naɗa shi tun kafin azumi, yana aikinsa. Wannan yaron dai ba ni zan rubuta shi ba. Ka gaya wa mutanen Ikko akwai mutum a wurin, ya isa. In suna son ganinsa su zo fadama, yana can cikin taɓo har gwiwa.

Sauran bayanan duk daidai suke. Rijiyoyi, makarantu, ɗakunan shan magani, kasuwanni, na ƙirga su da ƙafata, ba a zaune na ƙago ba kamar yadda wasu ke yi maka. Ka gode Allah da wannan, ka bar ni in ji da aikina.

Ga fom ɗinka nan yadda ka aiko shi.

Wassalam,
Maigandi

*

Badariya
10 ga Agusta, 1982

Yaya Maigandi,

Bayan gaisuwa. Haƙori ya lafa, an gode. Ni ne yanzu kaina ke ciwo, kuma kai ne sanadi.

Na karanta takardarka har na haddace. Kifi na ganinka mai jar koma. An ɗauko yaro mai takardar makarantar gona an ɗora shi a kujerar da ta fi taka, kai kuwa ka tsufa a kan tafireta, shi ne abin ya tsaya maka a wuya. Wannan yaron, in ji ka, ko sunansa ba ka iya kamawa. Wallahi ban zaci haka daga gare ka ba. Kai da mutane ke kawo wa rigimar gado ka sasanta, yau kai ne za ka tare wa ɗan wani hanya?

Ka tuna shi ma yana da uba. Wani bawan Allah yana can ya sha wahala ya sa shi makaranta, yana jiran ranar da za a ce ɗansa ya zama wani abu. Ka sa kanka a matsayin wannan uban ka ji in da daɗi. Hassada ga mai rabo taki ce, amma wannan karon ba taki za ta zama ba, kwas ɗin ne zai wuce shi, kuma ba a san ranar da za a sake yin wani ba.

In wani laifi ya yi maka, ku je gaban sakatare a kashe maganar. Kundin ƙasa ba wurin ramuwa ba ne. Mutanen Ikko ba su san akwai mutum a wurin ba sai sun ga suna. Ba za su zo fadama ba, ko Sakkwato da ƙyar suke zuwa.

Na sake maido maka fom ɗin. Ya fara laushi saboda yawo, ya fi ni sanin hanyar Argungu. Don girman zumunci ka cike layin nan.

Ƙanenka da ransa ya ɓaci,
Abdussamadu

*

Badariya
30 ga Agusta, 1982

Yaya Maigandi,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko ana amsawa ba. Tun takardata ta baya ban ji ɗuriyarka ba. Direbobi sun ce ruwa ya cinye hanya ta wajenku, jakar gidan waya ma a jirgi ake ƙetarar da ita. In ruwa ne, Allah ya sawwaƙe, ya tsare muku gonaki. In kuma fushi ne, to shiru ma magana ce, na ji.

Ikko sun bugo waya suna tambayar abin da ya riƙe yankina. Kowa ya kawo nasa, har waɗanda suka sa direba a gurbin ma'aji sun gyara. Saura kai, ɗan'uwana, wanda na yi alfahari da shi a ofis.

Ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa ba.

Abdussamadu

*

Argungu
5 ga Satumba, 1982

Abdussamadu,

Lafiya muke. Ruwa ya shiga unguwar ƙasa, ya kwantar da katangar bayan gidana, ya ci shinkafar mutane da yawa. Ba a rasa rai ba. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, a jiƙe, sai da na shanya su a kan tabarma kafin in karanta zagin da ke ciki.

Hassada. A rayuwata an kira ni mai taurin kai, an kira ni mai faɗa, duk na ɗauka. Ba a taɓa jifana da wannan ba sai a bakinka. Har da cewa in sa kaina a matsayin ubansa. Na karanta wa Adama wurin, ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki, ban san ko dariya take ko kuka ba. Boko ya yi maka yawa, Abdussamadu. An koya maka ƙirga hukumomin ƙasa kaf, danginka kuwa ba ka san wa ya haifi wa ba. Zumunta a ƙafa take, taka ƙafar tana wurin bakanike.

Ba zan yi maka bayani ba, don bayanin ma ba na bakina ba ne. Inna Nana tana nan kusa da gidanka. Ka je ka durƙusa ka karanta mata takardarka, in kana da ƙarfin hali.

Fom kuwa an cike. Riskuwa, yarinyar da ke taya ni bugu, na miƙa mata na ce ta sa na mai sashen gona, na fita na ba ta wuri. Ta buga, na sa hatimi ban duba ba. Shi ne aikinta na ƙarshe kafin ta tafi Augie gidansu haihuwa. Ka karɓa ka ƙyale ni.

Maigandi

*

Badariya
11 ga Satumba, 1982

Zuwa ga Yaya Maigandi,

Gaisuwa da jaje. Allah ya mayar da alheri, ya tsayar da ruwan haka nan.

Na je wurin Inna Nana. Na same ta tana gyaran zogale, na karanta mata takardata kamar yadda ka ce. Ban kai ƙarshe ba ta ajiye faifai ta dube ni.

Ta ce, “Kai wanga yaro, mi as sunan mai sashen gonan?”

Na duba abin da Riskuwa ta buga na ce Malam Hodi.

Ta ce, “Hodi ai ɗan hwarin Maigandi na. Wa kag gani ya kama sunan ɗa nai na hwari? Mi kaka so shi yi, shi tuɓe wando cikin kasuwa?”

Daga nan ta wanke ni tas, tun daga kakanni. Ta ce ko laƙabin ma ba ka faɗa, tun yana jariri wannan yaron kake cewa, in ya shigo zaure kai ka fita. Ta ce da aka yanka ragon sunansa ina wurin, har na ci hanta, ban da amfanin komai. Maƙwabta sun leƙo suna kallo. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ka yafe min, Yaya. Ni rabona da Hodi tun yana tallan albasa a tasha, ban san ya zama mutum haka ba. Na yi murna ƙwarai, kuma na san kai ma kana yi, ko da ba za ka faɗa ba.

To amma ka saurare ni, don ba mu fita ba. Malam Hodi ba zai shiga ba. Hodi sunan gida ne, mu muka san duk Usmanu Hodi ne. Ikko za su gwada sunan kundi da na takardun makarantarsa, su ga Usmanu Maigandi a can, Malam Hodi a nan, su ce mutum biyu ne, su watsar. Gogewa kuma ɓata fom take yi. Na bi ofis na tono sabo, shi ne na ƙarshe a hannuna, ga shi.

Na yi tunanin kowace hanya. Shi kansa ba a yarda ya cike nasa ba. Sakatarenku na ji ya tafi hajji. Riskuwa tana Augie. Ko za ka kira wani malamin makaranta ya zauna a kujerarta na ɗan lokaci ya buga, kai ka sa hatimi?

Ni ban ce al'ada ba ta da daraja ba. Amma tsakani da Allah, yaro ya yi karatu, ya shiga taɓo har gwiwa kamar yadda ka faɗa da bakinka, sai kunyar ubansa ta sa a aika wa kabari takardar gayyata? Jakar Ikko tana tashi ranar Alhamis ta sama. In ta tashi babu ku, sunan Malam Kalilu za a buga.

Ƙanenka,
Abdussamadu

*

Argungu
19 ga Satumba, 1982

Abdussamadu,

Mun amsa gaisuwa. Ruwa ya fara ja. Na yafe maka, ba don ka cancanta ba, don Inna Nana ta riga ta rama min.

Shawararka ta malamin makaranta irin taka ce. Wato in tashi in bi gari in kira mutum, in zaunar da shi, in ce zo ka taimake ni in tura ɗana gaba. Kafin la'asar an ji a bakin gulbi cewa Maigandi na yi wa ɗansa na fari kamfen. Wannan ya fi kama sunan muni. Ban da haka, tafiretar hukuma ba keken haya ba ce da kowa zai hau.

Na ajiye fom ɗin a aljihun tebur ina ta zagaya shi kamar an ajiye min maciji. Na tambayi Adama, ta ce ita ba ruwanta, ita ma ai ɗan farinta ne, kada in ƙara sa ta a ciki. Na je wurin liman da niyyar tambaya, muka ɓuge da hirar ambaliya, na taso.

Jiya da hantsi yaron ya shigo ofis neman makullin sito. Bai san da maganar kwas ba, ban gaya masa ba. Ƙafafunsa duk sun tsage saboda ruwa, idonsa ja, kwana da kwanaki yana bin ƙauyuka a jirgi yana duba gonakin da suka nutse. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa, na amsa ina kallon bango, kamar kullum. Da ya fita na bi bayansa da ido ta taga har ya sha kwana.

Sai na aiki masinja sayen goro a kasuwa mai nisa, na rufe ƙofa, na sa sakata.

Ba zan ce maka komai a kan abin da ya biyo baya ba. Bakina dai bai faɗa ba, ƙarfe ne ya bugi takarda. In an tambaye ka haka za ka ce. Ubana har ya koma ga Allah bai kama sunan yayanmu ba, kuma ba wanda ya ce ba ya sonsa. Ku da Ikko kun sa ni abin da ban taɓa zaton zan yi ba, Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙago fom.

Ban yarda da gidan waya ba. Motar sashen gona za ta zo Birnin Kebbi ɗaukar irin shuka, na ba yaron ambulan na ce ya kai wa kawunsa. Bai san abin da ke ciki ba. Ka karɓa, ka sallame shi, kada ka tsare shi da surutunka.

Maigandi

*

Badariya
23 ga Satumba, 1982

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Jaka ta tashi yau, kuna ciki. Na huta, sai kuma baɗi.

Yanzu ka zauna, don zan ba ka haushi.

Hodi ya iso ana kiran azahar. Ban gane shi ba, ya fi ka tsawo, ya fi ka fara'a nesa ba kusa ba. Hauwa'u ta kawo masa fura. Ni kuwa bayan abin da na sha a hannunka ba zan karɓi ambulan in sallami ɗan aike ban duba ba. Na buɗe a gabansa. Layin yana cike, Usmanu Maigandi, ba kuskure. Sai dai ka doki haruffan da ƙarfi har sun huda takardar, sauran layukan kuwa lafiya lau.

Ya hango sunansa ya tambayi ko mene ne. Na gaya masa komai, kundin, da kwas ɗin, da yawon da fom ya sha, har da zagin da na yi maka. Ya yi dariyar zagin. Sai ya ce ai Riskuwa ba ta nan, wa ya buga? Na ce wa kake tsammani.

Ya roƙi in ba shi ya riƙe. Ya juya takardar ta baya yana shafa wurin da haruffan suka fito da babban yatsa. Ya daɗe a haka, fura na gabansa bai taɓa ba. Can ya ce, “Kawu, tun da Allah ya yi ni ban taɓa jin sunan ga ga baki nai ba. Ashe ya san shi.”

Ya so ya mayar da abin wasa, ya kasa. Ya tashi ya ce zai duba ko an gama lodin iri, alhali motar tana can wani gefen gari. Ni ma sai da na nemi hankici, kuma ban ji kunyar faɗa maka ba.

Ya ce kada in gaya maka ya gani. Ga shi na gaya maka. Tsakanin kunyarka da tasa ni na gaji, ku ƙarata can.

Barka da salla tun kafin ta zo.

Naka,
Abdussamadu

*

Argungu
6 ga Oktoba, 1982

Bawana,

An yi salla lafiya. Adama ta aiko wa Inna Nana da Hauwa'u soyayyen nama da busasshen kifi, kai ba ka da kaso.

Abu ɗaya na ce maka, karɓi ka sallame shi. Ka zauna ka kwance masa komai kamar mai ba da labari a rediyo. Tun da ya dawo ba mu haɗa ido ba, da ma ba ma haɗawa, yanzu abin ya ƙaru. Ranar salla ya aiko an tayar min da katangar da ruwa ya kayar, bai ce shi ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Wai ashe na san shi. Wa yake tsammani ya zaɓa? Tun uwarsa na da ciki na riƙe shi a raina, ranar suna na raɗa wa baffana a kunne ya kai wa liman. Ka gaya masa haka. A'a, kada ka gaya masa komai, na san bakinka.

Baɗi in za ku sabunta kundinku, ka nemi fom mai wurin rubuta ba canji. Na yi sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

In littafin ya fito ka aiko min guda. Ba don komai ba, ƙafar teburina ɗaya ta gaza, na ji an ce yana da kauri. Ka ninke min kunnen shafin, idona ya yi rauni, ba na son dogon nema.

Wassalam,
Maigandi